Haɗin gwiwar 'yan wasan Nijar da na Najeriya: abin da aka tsayar a Yamai

Jama'a, ga abin da na tattaro daga maganganunmu kan yadda 'yan fim da mawaƙan ƙasashen biyu za su yi aiki tare.

1. Kowa ya yarda Hausa ɗaya ce, amma kasuwar fim ta Kano ce. 'Yan Kannywood na cika zauren Oumarou Ganda na Yamai, namu na Nijar kuwa da wuya a gayyace su Kano.

2. Kuɗi: a rubuta yarjejeniya kafin a kunna kyamara, a faɗi ko da sefa za a biya ko da naira, tunda naira ba ta tsayawa wuri ɗaya. Nan babu gardama.

3. Karin harshe ne ya raba kawuna. Wasu sun ce ɗan Tawa ya koyi Kananci in yana son fim ɗinsa ya sayu. Wasu suka ce a'a, Adaranci, wato karin Hausar Tawa, ba aibi ba ne, ga makaɗan Sakkwato sun yi suna da karinsu. Ni dai ina bayan na biyun.

4. Rufe iyaka a 2023 ya tsayar da zirga-zirga ta Ƙonni da Illela, shi ya sa matasa suka ce a riƙa tura waƙa ta WhatsApp ana haɗawa.

Maganar 'yan kokawa an ɗage ta.