Bafa ko hurumi? A taya ni tsayar da magana

1/ Jama'a, ina koya wa wasu samari a Agege aikin taswira da manhajar QGIS, kuma kalma ɗaya ta hana ni sakat: wadda Turawa ke furtawa "bafa". Ka nuna wa kwamfuta rijiya ko titi ko magudanar ruwa, ka ce mita 50, sai ta shata fili mai wannan faɗin ta kowane gefe. Ka ɗora taswirar gidaje a kai, ka ƙirga nawa suka faɗa ciki.

2/ Da "kewaye" na fara. Aji ya kwashe da dariya, wani ya ce, "Malam, da buta ake shiga?" Na janye.

3/ "Da'ira" ta yi wa rijiya daidai, amma a titin Ikorodu abin da ke fitowa doguwar ɗamara ce. "Shinge" iyaka ne, mu kuwa filin da ke ciki muke nufi. "Tazara" awon ne kawai.

4/ Bayan la'asar na kai kukana wurin wani dattijo mai sayar da goro. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ɗana, ai hurumi kake faɗa." Na ce, "Baba, ƙara min haske." Ya ce kowane gari a Arewa yana da hurumi, filin da ake bari a gefensa ba mai ginawa, kuma malaman fiƙihu sun daɗe suna maganar harimin rijiya. Wallahi sai na ji kunya. Abu a gida, ni ina nemansa a ƙamus.

5/ Wani lauya a cikinmu ya ce za a rikita ta da "kotu ba ta da hurumi". Ban yarda ba. Can ma iyakar inda ikonta ya kai ake nufi, kuma wanda ya ji "hurumin magudana, mita 50" ba zai nufi kotu ba.

6/ Gargaɗi ga ɗalibai: in taswirarka tana kan digiri, ka rubuta 50, digiri 50 za ta auna, alhali digiri ɗaya kusan kilomita 111 ne. Mayar da ita UTM, tsarin da ke awo da mita, shiyya ta 31 ta arewa tukuna, nan Legas take.

7/ Saura ɗaya. A annobar kwalara ta Landan a 1854, likita John Snow ya zana mace-mace a gefen famfon titin Broad, daga baya ya ja iyaka bisa tafiyar ƙafa, ba miƙaƙƙen awo ba. Mu da muka san cunkoson gadar Third Mainland mun san bambancin. Na miƙaƙƙen awo na ce "hurumin awo", na tafiyar ƙafa kuma "hurumin tafiya". Na biyun bai gama kwanta min ba. Wa ke da wadda ta fi?