Kare Ya Rasu Ko Ya Mutu?

Auta: Salamu alaikum. Ku bar ni in amayar da abin da ke raina kafin in kwanta. Kwana uku ke nan ina aikin awa 12 a gidan kula da tsofaffin nan na Manchesta, saboda abokiyar aikina, wata Baturiya, karenta ya rasu an ba ta hutu. Yau ta dawo da ɗan tulu a jaka, tokar karen ce a ciki, ƙona shi aka yi. Har da sawun ƙafarsa da aka danna a yumɓu. Tana nuna mana tana kuka, wai ɗanta ne, shekara 14 suna kwana ɗaki ɗaya. Matar nan da bakinta ta ce min ba Allah ba lahira, amma yau cewa take karen yana can yana jiranta. Can ina? Ni bara da Baba ya rasu, a matattakalar bene na kalli jana'izarsa ta waya, na share hawaye na koma bakin aiki. Na dai gano abu ɗaya, duk wanda ya bar addini sai ya nemo abin da zai cike gurbin, su dabba suka samu.

Baffa: Wa alaikumus salam. Auta, goge ka sake rubutawa. Kare ba ya rasuwa, mutuwa yake yi. Kalmar da ka yi wa yayana ita ka yi wa kare, a saƙo guda.

Auta: Allah ya huci zuciyarka Baffa, tuntuɓen hannu ne. Ba nan maganata take ba.

Gwaggo: Tuntuɓen hannu ina? Zama da maɗaukin kanwa ne. Shekara huɗu a cikinsu, gobe sai mu ji ana sadakar uku ta kare.

Ɗan Jami'a: Baffa a gafarce ni, amma rasu daga rasa ta fito. Matar ta rasa karenta, a wurinta ya rasu. Nahawu bai hana ba.

Baffa: To in tunkiyar babarka ta faɗa rijiya sai mu zo ta'aziyya, tunda ta rasu. Nahawu daban, ladabin harshe daban. Sarki ma ba a cewa ya mutu a gaban fadawa.

Gwaggo: Mushe dai. Sunansa ke nan.

Likitan Dabbobi: Gwaggo, mushe ai abin da da an yanka za a ci ne ya mutu ba yanka. Kare ko an sa masa wuƙa bai shiga tukunyarki ba. Amma ku bar ni in taɓo ainihin zancen Auta. Maƙabartar karnuka ta Hyde Park a Landan tun 1881 aka fara binne dabbobi a ciki, lokacin Turawan Ingila na cika coci ranar Lahadi, da duwatsun kabari da rubutu da komai. Ta kusa da Paris a 1899 aka buɗe ta. Ashe abin ya girmi barin addinin.

Auta: Yaya Likita, ni abin da idona ya gani nake faɗa. A ƙidayar 2021, kashi 37 cikin 100 na mutanen Ingila da Wales sun ce ba su da addini. Fito da safe ka gani, kowa da igiya a hannu da 'yar leda ta kwashe kashin kare. Fafaroma Francis da kansa a 2022 ya yi faɗa a kan ma'auratan da suka ƙi haihuwa suka rungumi karnuka da kyanwoyi, ya ce son kai ne.

Baffa: Yanzu kuma Fafaroma ne hujjarka? Ni dai har yanzu ina ganin kalmar a sama, ba ka goge ba.

Likitan Dabbobi: Kuma mutanensa yake wa wa'azi Auta, masu zuwa coci. Hujjarka ta juyo kanka.

Malama: In tausayin dabba ne, mu ne ya kamata a koya a wurinmu. Hadisi ya inganta cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba. An gafarta wa wanda ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare. Abu Huraira ma laƙabin daga 'yar kyanwa ya samo shi. Amma yaran unguwarmu in suka ga kare dutse suke nema.

Amarya: Wallahi Malama, mussarmu ta gida da ta ɓata kwana biyu ban ci abincin kirki ba.

Gwaggo: Mece ce kuma mussa?

Amarya: Kyanwa mana Gwaggo. Haka muke cewa a Sakkwato.

Gwaggo: To nan Kano kike aure, mage ko kyanwa. Kuma tunda kin yi magana, magenki ce ta cinye min soyayyen kaza ranar suna, na yi shiru ne kawai don albarkacin mijinki.

Amarya: Kazar da aka bari a buɗe a tsakar gida? Akwai kyanwoyi uku a layin nan Gwaggo, tawa kawai aka gani?

Yaya Babba: Amarya, ya isa. Gwaggo uwa ce.

Ɗan Jami'a: Mu koma kan rasu. Baffa, lokacin da dokinka na hawan Sallah ya kwanta, wa ya hana a ja shi da igiya zuwa bayan gari? Kai ka sa aka haƙa masa rami a gona, kuma ranar ba ka fito zaure ba.

Baffa: Doki da kare ɗaya ne? Kuma ko a ranar cewa na yi ya mutu. Tambayi uwarka.

Malama: Baffa, a mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne. Karen Ashabul Kahfi ma yana cikin Alƙur'ani, ya shimfiɗa zira'o'insa a bakin kogo.

Baffa: Na karanta Risala kafin a haife ki. Ban ce najasa ba, na ce bai rasu ba.

Likitan Dabbobi: Auta, tambaya ɗaya. Matar nan da wa take zaune? In ba miji ba ɗa, karen ne kaɗai yake tarbarta a ƙofa in ta dawo daga aiki. Ni a asibitinmu na ga ɗan tauri da ƙaton gashin baki yana hawaye a kan karen farautarsa, kuma daga masallaci ya zo.

Auta: Ita kaɗai take. Tana da ɗa a Ostireliya, sai Kirsimeti yake kira. Gaskiya ranar rasuwar Baba ita ce ta tarar da ni a matattakalar, ta kawo min shayi ta zauna ba ta ce komai ba. Amma wannan bai canza maganata ba.

Gwaggo: Shayi. Mu da muka yi kwana bakwai muna karɓar gaisuwa ba mu ga kuɗin sadakar da ka ce za ka turo ba sai bayan arba'in.

Auta: Gwaggo, a nan za a yi wannan?

Yaya Babba: To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita. An tattauna an kuma fahimci juna. Kowa ya amince Baffa ne da gaskiya, kare mutuwa yake yi, kuma Auta ya karɓi gyara. Likita ya kawo tarihin Turawa, mun gode, sai dai bai shafe mu ba. Ɗan Jami'a ya rage ja-in-ja da manya. Batun kaza kuwa, binciken da na yi ya nuna ba kyanwar gidana ba ce. An rufe.

Ɗan Jami'a: Yaya, ni ban amince ba, kuma ba a tambaye ni ba.

Amarya: Mussa dai, Yaya.

Baffa: Auta, har yanzu ba ka goge ba.