Tsohon ofishin kamfani da ya koma ɗakin taro: abin da aka tattauna

Bayan la'asar muka zauna a majalisarmu nan Sakkwato, zancen kuwa na irin gine-ginen da kamfanonin Turawa suka bari ne, su John Holt da UAC, masu sayen fatar jan akuya da gyaɗa bayan zuwan Nasara a 1903. Tambayar ita ce: idan irin wannan ofishi ya koma ɗakin taron jama'a, yaya za a kula da shi?

Wani dattijon magini ne ya fi daɗewa yana magana. Ya ce rufi ake fara dubawa kafin damina, domin yoyo ke cin bango, gara kuma ta ƙarasa katako. Ya hana a shafe tsohon bango da siminti, wai yana riƙe laima a ciki har ginin ya ruɓe. Kaurin bangon da dogayen tagogi kuma kada a taɓa su. Duk wanda ya san zafin Afrilu a garin nan ya san amfaninsu. Ni ma a nan na tsaya.

Matasa sun so a rushe a gina sabo. Ba su samu goyon baya ba, sai dai an yarda a sa sola da banɗaki.

Tsofaffin takardu da sikeli, in an samu, a kai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu. Wata malama ta ƙara da cewa: "Baba, ku ma a naɗi muryoyinku tun kuna nan." Kuɗin hayar biki kuwa, a ware shi don gyara.