Yadda na'ura za ta gane mai kira ya ajiye waya a layin intanet

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Na haɗa Arduino (ƙaramar kwamfutar sarrafa na'urori) da akwatin ATA, wanda ke bai wa tsohuwar wayar tebur damar aiki ta intanet, domin ya amsa kira ya kunna injin ruwa idan an danna lamba. Karanta lambobin da MT8870, ƙaramin kayan lantarkin da ke gane sautin maɓallan waya, yana tafiya daidai, sai dai bayan mai kira ya ajiye waya na'urar takan ci gaba da riƙe layin, kira na gaba kuma ba ya shiga. Ina roƙon duk wanda ya taɓa fama da wannan ya faɗa mana yadda ya yi.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Malam. A tsohon layi, ofishin waya ne ke katse wutar layin na ɗan lokaci, alamar da ake kira CPC. A layin intanet kuwa saƙon BYE mai nuna ƙarshen kira, na tsarin SIP da ake haɗa kiran intanet da shi, kaɗai ke isowa akwatin, kuma saitinsa ne zai yanke ko ya katse wutar ko ya yi shiru. A akwatin ATA samfurin Linksys PAP2T akwai gurbin CPC Duration, na saita tsawon katsewar. Na sa shi rabin daƙiƙa, na jera optokopla H11AA1, wanda ke sanar da Arduino ko akwai wuta a layin, a kan layin, na kuma umarci Arduino ya yi watsi da duk katsewar da ba ta kai milisakan 200 ba, domin ɗan motsin waya kan jawo gajeriyar katsewa.

Amsa ta biyu: Nawa akwatin ƙara kawai yake fitarwa idan mai kira ya ajiye waya, ta 480 da 620 Hz irin ta Amurka, tana kunnawa tana ɗaukewa kowane rubu'in daƙiƙa. Lissafin Goertzel, wanda ke tsinto wani takamaiman sauti a cikin ƙara, ya kama ta, amma sai da na sa ya ƙirga zagaye uku a jere, saboda ƙarar janareta a wajen mai kira takan yaudare shi. Wanda aka saita akwatinsa irin na yawancin Turai ya nemi 425 Hz.

Amsa ta uku: Malam, a lura cewa H11AA1 ba ya ganin juyawar fuskar wuta, wato musanyar + da − a layin, tunda ta kowane ɓangare yake kunnawa, alhali wasu akwatunan da juyawar suke sanar da ƙarshen kira. Kuma idan intanet ta yanke ana tsakiyar kira, BYE ba zai iso ba sam. Shi ya sa a nawa na ƙayyade cewa idan minti biyu suka wuce ba a danna komai ba, na'urar ta saki layin ta kashe injin da kanta.