Ganyen tumatir yana ƙonewa daga ƙasa, wane magani ne?

Uwar Garka, Garin Malam:
Assalamu alaikum. Tumatir gindi 24 ne a bayan ɗaki, dashen farkon damina. Tun da ruwan Agusta ya zauna, ganyen ƙasa ya fara tabo ruwan ƙasa-ƙasa, a cikin kowane tabo akwai zobe cikin zobe, gefensa kuma ya yi ɗorawa, daga baya ganyen ya bushe ya faɗi. Abin yana hawa sama. Akwai kuma gindi 3 da suka langaɓe, amma su gefe ɗaya ne ya yi ɗorawa. An fesa maganin ƙwari sau biyu, shiru. Masana, ku taimaka.

Malamin Gona:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki ajiye maganin ƙwarin nan, ba aikinsa ba ne. Abin da kika kwatanta cuta biyu ce, kuma da alama duka dangin funfuna ne.

Mai zobe cikin zobe ita ce Alternaria. Ƙwayarta tana kwana cikin ƙasa da busasshen ganyen bara. Idan ruwa ya doki ƙasa, fantsamar laka ke ɗauke ta zuwa ganyen da ke kusa, shi ya sa kullum daga ƙasa take farawa. Ganye ya kwana a jiƙe, ga ɗumi, shi ke nan ta kama. Ita tana tsayuwa idan an tare ta da wuri.

Gindi ukun nan su ne abin damuwa. Tuge ɗaya, ki tsaga karan a tsaye da reza daga gindi. Idan jijiyoyin ciki sun yi ruwan ƙasa, ga ɗorawa a gefe ɗaya, Fusarium ce: ta saiwa take shiga ta toshe hanyar ruwa, feshi ba ya kai mata. Ki yanka guntun kara kuma ki rataya bakinsa cikin ruwa mai tsabta a kofin gilashi, ki jira minti 5. In kika ga wani farin abu yana zuba kamar zaren nono, wannan ba funfuna ba ce, bakteriya ce. Ko wacce ce, hukuncin ɗaya: a tuge har saiwa da ƙasar da ke manne, a ƙone. Kada a jefa a ramin taki. Ki duba saiwar ma, in tana da ƙulle-ƙulle kamar carbi, tsutsar saiwa ce, ita ke buɗe wa cutar ƙofa.

Ɗan Garkar Mirriya:
Malam ya gama bayanin cuta. Ni hannu zan yi magana a kai, don rabin aikin ba na kwalba ba ne.

Yau ɗin nan, idan rana ta busar da ganye, ki cire duk mai tabo, ki share gindin ya zama babu ganyen da ke ƙasa da taƙi ɗaya da rabi, wato kamar santimita 30. Amma kada ki wuce kashi ɗaya cikin uku na ganyen gindi a rana ɗaya. In kin tsiraita shi, ranar Damagaram za ta dafa miki ƴaƴan a tsaye, su yi farin tabo. Ki zuba ganyen cikin leda, kada ki bar shi a wurin. Wuƙar da kika yi aiki da ita ki tsoma ta a ruwan Javel, awo 1 cikin ruwa awo 9.

Ki kafa wa kowane gindi sanda ki ɗaure shi sako-sako da tsumma. Sannan ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko karan hatsi da aka sassara, kaurin yatsa huɗu, ki bar ɗan fili kewaye da karan don kada ya ruɓe. Shimfiɗar nan ita ke hana laka fantsama, kuma a garin da ake sayen ruwa da jarka ba sai an faɗa miki amfaninta na biyu ba. Ban ruwa da safe, a gindi, ba a kan ganye ba. Masu watsa ruwa da kwano da marece su ke kiwon cutar da hannunsu. Takin ure kuma a rage, yana sa ganye ya yi duhu da laushi, iska ba ta ratsawa.

Malamin Gona:
Haka ne. Bayan tsabtar sai feshi, don a kare ganyen da bai kamu ba. Wanda ya yi tabo ba ya komawa kore. Ki nemi Mancozeb mai kashi 80, garin nan mai ruwan ɗorawa. Giram 2 zuwa 2 da rabi a lita 1 na ruwa, wato wajen giram 35 a famfon goyo mai lita 15. Gindi 21 ba za su sha fiye da lita 3 ba, kada ki kwaɓa da yawa, kwaɓaɓɓe ba ya kwana. Ki sa a auna miki a sikeli sau ɗaya, ki yi alama a murfi. A jiƙa ganye sama da ƙasa, a maimaita bayan kwana 7 zuwa 10, in ruwa mai ƙarfi ya wanke a sake. Maganin feshi mai sinadarin jan ƙarfe ma yana yi.

Ki sayi mai takarda a jiki, wanda kwamitin magungunan gona na ƙasashen Sahel ya amince da shi, ba ƙullin leda marar suna ba. A takardar za ki ga kwana nawa ake jira kafin tsinka, ki cika su. Ki tsinke nunannu kafin feshi, ki rufe hanci, ki rufe hannuwa, a kore yara da kaji har ya bushe.

Uwar Garka, Garin Malam:
Allah ya saka da alheri. To ruwan bedi da bikarbonat da ake ta faɗa fa? Kuma in sake dasawa a ramukan nan uku?

Ɗan Garkar Mirriya:
Bedi na ƙwari ne, Hajiya, kada ki dogara da shi a nan. Bikarbonat ki ajiye shi sai rani, lokacin da za ki ga tabon ɗorawa a saman ganye, ƙarƙashinsa kuma fari kamar an barbaɗa gari. Wannan wata funfunar ce daban, mai son busasshiyar iska. Ƙaramin cokali 1 a lita 1 da ɗigon sabulu yana rage ta. In an zarce, ganye ya ƙone. Farar wuta ta feshi ta fi shi ƙarfi, sai dai ba a fesa ta idan zafi ya haura digiri 30, sai da sanyin marece.

Ramukan kuwa a'a. Fusarium tana shekaru a ƙasa. Ki huta da tumatir a wurin shekara 3 ko fiye, yalo da tattasai ma ki kai su wani gefe, ki sa albasa ko masara. In fili ya yi kaɗan, a Afrilu ki jiƙa wurin sosai ki rufe da farar leda mai ganin ciki, ki danne bakinta da ƙasa, mako 6, rana ta gasa shi. Ko ki koma dashe cikin buhu da sabuwar ƙasa da ruɓaɓɓen taki, ki huda gindin buhun. Wajen sayen iri ki duba harafin F a jikin fakiti, kamar Roma VF, alamar juriya ce ga Fusarium. Na damina kuma irin da ake kira Mongal ya fi jurewa. Tazara santimita 50 zuwa 60 tsakanin gindi da gindi, 80 tsakanin layi.