Neman kalma: ƙibar da kurege ke yi kafin hunturu

Mai shirin rediyo, Kaduna:
Assalamu alaikum. Gobe da safe zan gabatar da shirin kimiyya da muhalli, kuma akwai wurin da ya tsaya mini. Labarin na kuregun bishiya ne na biranen Toronto da Ottawa a Kanada, waɗanda mutane suka riƙa ɗaukar hotonsu a watan Disambar 2015 saboda sun yi ƙiba fiye da yadda aka saba gani. A shekarar sanyi ya makara sakamakon El Nino mai ƙarfi, wato ɗumamar ruwan tekun Fasifik da ke sauya yanayin duniya, dusar ƙanƙara ba ta rufe ƙasa da wuri ba, abinci ya ci gaba da samuwa, jikinsu kuma bai ƙona kitsen wajen kare kai daga sanyi ba. Ina neman kalma ɗaya ko biyu da za su ɗauki wannan ƙiba. Na rubuta "shirin barcin hunturu", amma zuciyata ba ta kwanta da shi ba.

Malamin kimiyya, Zariya:
Wa'alaikumus salam. Hajiya, ki cire barci daga ciki gaba ɗaya, domin kuregen bishiya mai ruwan toka ba ya yin doguwar sumar nan ta hunturu. Idan sanyi ya tsananta yakan lafe kwanaki a sheƙarsa ta ganye ko a kogon itace, sannan ya sauko ya tono ƙwayoyin itatuwa da ya binne ɗaya-ɗaya a wurare masu yawa, yana gano su da tunawa da kuma sansana. Masu barcin gaske su ne wasu kuregun rami, irin na Alaska da ke can arewacin Amurka, wanda yakan shafe kusan wata 8 a ƙarƙashin ƙasa har zafin jikinsa ya sauka ƙasa da sifiri a ma'aunin Celsius. Shi kuwa na bishiya tanadi biyu yake yi, ɗaya a ƙasa, ɗaya a jiki. Shawarata ita ce "guzurin hunturu".

Mai fassara, Katsina:
Guzuri na matafiyi ne, shi kuwa kuregen nan babu inda za shi. Kalmar da ta dace ita ce "turkar kai". Duk Bahaushe ya san ragon turka, ya san dusa da kowar wake da harawar da ake zuba masa har wuyansa ya cika. Da zarar an ce dabba tana turkar kai, mai sauraro ya gane ba sai an ƙara bayani ba.

Malamin kimiyya, Zariya:
Malam, turka sai da turke, sai da mai ɗaurewa, kuma ƙarshenta kasuwa ko wuƙa. Wannan dabba ce da ke yawonta, kitsen kuma ita za ta amfana da shi.

Mai fassara, Katsina:
Shi ya sa na ƙara "kai". Idan muka ƙi faɗaɗa ma'anar kalmominmu, kullum za mu riƙa jera jimla guda a inda wasu harsuna ke amfani da kalma ɗaya, kuma wannan ne ke sa yaranmu ganin kamar Hausa ba ta iya ɗaukar kimiyya.

Dattijo, Sakkwato:
Yarana, kun tsallake abin da ya fi damuna. Na san Hajiya za ta ce "kaka mai ɗumi", kamar yadda gidajen rediyo suka saba kiran lokacin da ke gabanin hunturu a Turai da Amurka. Kaka a wurinmu lokacin girbi ne, lokacin da gero ke shiga rumbu, kuma da ma da zafinta, don haka manomi zai ji an ce kaka ta yi ɗumi bai ga abin labari ba. Sannan kuregen da muka sani mazaunin rami ne mai ɓarnar gyaɗa. An daɗe ana yanke irin wannan hukunci a Kano da Kaduna ba a tambayi kowa ba.

Malamar makaranta, Maraɗi:
Baba ya faɗi gaskiya game da rashin tuntuɓa, domin mu a Nijar sai dai mu ji kalma ta faɗo daga rediyo mu karɓa. Amma ban ga laifin kaka ba. A can ma lokacin ne 'ya'yan itatuwa ke nuna su zubo, wato girbin kuregen ke nan. Abin gyara shi ne a ce "kakar da sanyi ya makara". Game da kitsen kuwa, muna da gaiwa, wadda ke shiga laka idan tafki ya ƙafe ta rayu da abin da jikinta ya tara har ruwa ya dawo.

Mai fassara, Katsina:
Malama, gaiwa ta rani ce, kuma ita ma kwanciya take yi. Har yanzu babu wanda ya kawo abin da ya kai "turkar kai" gajarta.

Dattijo, Sakkwato:
Gajarta ba ita ce fasaha ba, ɗana. Kalmar da sai mai ita ya tsaya yana kare ta ba ta riga ta zama ta jama'a ba.

Mai shirin rediyo, Kaduna:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Lokaci ya ƙure, don haka ga abin da zan karanta: "Kuregun bishiya a Kanada sun tara kitsen hunturu fiye da kima, saboda sanyi ya makara a kakar shekarar." Binne ƙwayoyin zan kira shi tanadi. Baba, zan yi bayani a farko cewa wannan kurege a bishiya yake zaune, kuma kakarsu lokaci ne da sanyi ke fara shigowa.

Mai fassara, Katsina:
"Tara kitsen hunturu" kalma uku ce, kuma bayani ne, ba suna ba. Na yarda ta wuce a shirin gobe, amma a fassarar da nake yi "turkar kai" zan rubuta.

Dattijo, Sakkwato:
Kitsen na karɓa. Kakar dai ban karɓa ba.