Neman kalmar Hausa: ksenos, barbaros da metoikos

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina haɗa shirin rediyo a kan yadda tsofaffin Girkawa suke kiran wanda ba nasu ba, kuma ranar Alhamis zan naɗa. Kalmomi uku ne suka tsaya mini. Ksenos tana nufin baƙo, amma tana kuma nufin mai masaukinsa, da aminin da zumunci ya haɗa gidansa da naka har jikoki. Barbaros shi ne wanda ba ya jin Girkanci, domin a kunnensu maganarsa "bar-bar" ce kawai. Metoikos kuwa baƙo ne mazaunin birnin Atina, wanda ke biyan harajin darakma 12 (kuɗinsu na lokacin) a shekara, kamar masanin falsafa Aristotal da ya zo daga garin Sitagira. Wace Hausa za ta ɗauke su?

Malamar makaranta: Wa alaikumus salam. Ta farko ba ta da wuya, Malam, domin baƙo a Hausa ya haɗa wanda ka saukar da wanda ba ka sani ba. Inda ake nufin mai saukarwa ka ce mai masauki, inda ake nufin zumuncin gado ka ce amini. Tun da Girkawa sun ɗauka Ziyus, babban abin bautarsu, shi ne mai kare baƙi, "baƙonka annabinka" za ta taimaki mai sauraro. Sunan Ksenofon, marubucin Girka, ma daga ksenos ya fito, wato muryar baƙo.

Tsohon mai fassara: Ina jan kunnenka kada ka ari barbaros yadda take. Barbara a Hausa aikin dabbobi ce, kuma wani zai ji kamar Barebari kake nufi. Ni ba'ajame zan ce, domin Larabawa ma da rashin jin harshensu suka raɗa wa wasu wannan suna, musamman Farisawa, waɗanda su ne manyan barbaroi (jam'in barbaros) a idon Girkawa bayan yaƙin Maraton a 490 da na Salamis a 480 kafin haihuwar Annabi Isa.

Dattijo: Wannan shi ne ciwonmu. Da an rasa kalma sai a ruga Larabci, alhali muna da baubawa, jam'inta baibayi, wato wanda Hausa ba ta zauna a bakinsa ba. Ku saurari kalmar da kyau, bau-bau da bar-bar ai kwaikwayon abu ɗaya suke yi. Shekara da shekaru ina faɗar haka, amma 'yan rediyo sun fi son abin da zai sa a ce sun yi karatu.

Tsohon mai fassara: Ranka ya daɗe, ajami ya daɗe da zama ɗan gida, da shi kakanninmu suka rubuta waƙoƙinsu. In za mu kori Larabci, sai mu fara da "kalma" da "fassara" da muke ta amfani da su a nan.

Dattijo: Ajami a kunnen Bahaushe rubutu ne, ba mutum ba.

Malamar makaranta: Baba yana da gaskiya a wannan, sai dai ɗalibaina ba su san baubawa ba, gwaranci suka sani, ita kuwa ba ta dace da iska ba saboda tana taɓa wata al'umma. Mun kuma bar metoikos a baya. Ɗan ci-rani ba zai yi ba, tun da shi yana komawa gida da damina, wannan kuwa yakan mutu a Atina ba tare da ikon mallakar fili ko jefa ƙuri'a ba. Bare ta fi kusa.

Dattijo: Bare ba ya nuna zama. Amma ku fara amsa mini maganar baubawa.

Mai tambaya: Na gode, Baba, na gode, Malama. Zan yi amfani da baubawa, in bi ta da bayani na jimla ɗaya. Metoikos zan ce "baƙo mazauni" kafin a samu wadda ta fi ta.

Tsohon mai fassara: To, shirinka ne. In masu sauraro suka bugo waya suna tambayar ma'anarta, ka haɗa su da Baba.